Gajeren labari za mu fara ba su, ko mu shiga littafin yaƙi kai tsaye?

Malam_Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da adabin Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauye, nan yankin Auyo, kuma akwai abin da ya dame ni da nake so mu sa baki a kai. Ɗalibaina na aji biyu na babbar sakandare ba sa kai ƙarshen littafin zube. Da ɗoki suke farawa, amma kafin a je babi na uku sun watsar. Da na zauna da su ɗaya bayan ɗaya ina sa su karatu a bayyane, sai na ga kalmomi ne ke kayar da su. Yaro zai ci karo da baƙuwar kalma a layin farko, ya tsallake, ya ci karo da wata, ya tsallake, kafin ya kai ƙasan shafi labarin ya kuɓuce masa.

Abin da muka tarar ana yi shi ne a jera kalmomi a allo da ma'anarsu, yara su kwafa, su haddace, a yi gwaji ranar Juma'a. Suna cinye gwajin kuwa. Amma in kalmar ta sake fitowa a cikin jimla bayan ɗan lokaci, sai ka ga kamar ba su taɓa jin ta ba.

Niyyata a zangon nan in fara da gajerun labarai, daga nan in kai su ga littafin yaƙi, don na lura shi ne ke riƙe hankalin yara maza. Wani abokin aikina ya ce in rufa wa kaina asiri, zamanin nan ba na karanta wa yara labarin yaƙi ba ne. Malamai da iyaye, me kuka gani?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Gajeren labari dai Malam. Yaron da ya dawo daga makaranta ya wuce gona ko kiwo, da dare ba wuta, yaushe zai zauna wa littafi mai shafi ɗari? A ba shi abin da zai gama a zama ɗaya, ya ji daɗin cewa ya gama wani abu.

Tsohon_Hedimasta:
Malam Auyo, Allah ya yi albarka da ka damu da wannan. Ni na yi ritaya, amma bari in faɗi abin da na sani.

Tambayar nan taka Abubakar Imam ya amsa ta tun 1937, da Magana Jari Ce ta fara fitowa. Dubi yadda ya gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana neman ya fita ya bi baya, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuma yana tsare yaron da labari bayan labari har gari ya waye. Ka ga ke nan gajerun labarai ne aka jera a cikin babban labari guda, kuma yaƙi na can a bayan fage. Yaro yana gama labari ɗaya a zama ɗaya kamar yadda Maman Hanifa take so, amma zaren da ya ɗaure su yana jan sa ya dawo gobe. A haka muke horar da yara su saba da dogon karatu ba tare da sun ankara ba.

Sai dai ban yarda a yi watsi da hadda gaba ɗaya ba. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san amfaninta. Laifin jerin kalmomin nan shi ne ana ba da su tsirara, babu jimlar da suka fito daga ciki. Ka sa yaro ya haddace jimlar marubucin sukutum, kalmar za ta zauna.

Dan_Takai:
Baba Hedimasta, ranka ya daɗe, na yarda da rabi. Amma ni a ganina ana raina wa yaran ƙauye hankali. Wa ya ce ba za su iya dogon littafi ba? A ba su wanda zai kama su mana. Ni Ganɗoki na Bello Kagara ne ya mai da ni makaranci. Tsohon mayaƙi yana ba yara labarin yadda suka kara da Turawa a wajejen Bida da Kwantagora, ga kirari, ga bugun ƙirji, daga baya labarin ya nausa gabas ya shiga ƙasashen aljannu. Ban san ma'anar rabin kalmomin ba a lokacin, amma ban ajiye ba, don ina so in ji yadda za ta kaya. Son jin ƙarshe shi ke sa yaro ya nemi ma'anar kalma da kansa.

Kuma mu nan Takai muna zaune a kan tarihin yaƙi. Lokacin Basasar Kano, bayan rasuwar Sarki Bello a 1893 da naɗin Tukur, nan garin Yusufawa, magoya bayan Yusufu mai jayayya da Tukur kan sarauta, suka yi sansani. Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi jagoranci har ya shiga Kano a 1894. Yaranmu suna wuce wuraren nan kullum ba wanda ya gaya musu.

Malama_Taura:
Ni ina bayan abokin aikin Malam Auyo, kuma ga dalilina. A ajina akwai yarinyar da iyayenta suka yi ƙaura zuwa garinmu bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu a can yamma. Ranar da muke karanta wani wuri da mahara suka faɗa wa gari da asuba, ina cikin karatu na ɗaga kai na ga ta dafe kunnuwanta da hannu biyu ta cikin hijabi, kanta a kan benci. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba. Da aka tashi ta zo ta ce, Malama don Allah in za a sake karanta wannan ki bar ni in je in share ofis.

Ɗan Takai, kai ka karanta Ganɗoki a lokacin da yaƙi yake labarin kakanni. Yanzu akwai yaran da a gabansu aka yi. Malami ya san su wane ne a ajinsa kafin ya buɗe irin wannan littafi.

AbbaG:
Innalillahi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Dan_Takai:
Amin. Malama, maganarki ta ratsa ni. Amma in muka ce don haka a rufe littattafan, yaran nan a waya suke kallon abin da ya fi wannan muni, ba malami a kusa, ba mai yi musu bayani. Gara a aji.

Jikan_Makera:
Ku ba ni dama in koma kan kalmomi, don nan ne nake da abin cewa. Ni ba malami ba ne, gidanmu gidan ƙira ne a wajen Jahun. Ƙanena ya zo gida da jerin kalmomi daga makaranta: sulke, lifidi, kwalkwali, kwari, asigiri, barandami. Yana ta nanatawa kamar karatun aku. Kakanmu yana zaune a maƙera ya ji shi, ya ce a ɗauko masa wata tsohuwar jaka a ɗaki. Ya zaro kan kibiya guda, baƙi ƙirin don tsufa, ya ɗora wa yaron a tafin hannu, ya ce taɓa nan. Ya nuna masa kunnuwan da aka lanƙwasa baya, ya ce saboda waɗannan ne in ta shiga jiki ba ta fita sai an tsaga. Ya gaya masa da kwankwani ake haɗa dafin da ake shafa mata. Ya bambanta masa sulke, rigar zobban ƙarfe, da lifidi, wanda ɗinki ne mai kauri da aka cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa.

Har yau yaron bai manta ko ɗaya ba. Malam Auyo, a kowane ƙauye akwai maƙeri, akwai maharbi, akwai baduku. Ka tura yara wurinsu da littafin rubutu.

Tsohon_Hedimasta:
Madalla da Jikan Maƙera. In ƙara da hawan sallah. Duk yaron da ya taɓa zuwa kallon hawa a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure ya ga 'yan lifida da 'yan bindiga, ya ji kakaki da tambari, ya ji ana kiran Madaki da Barde da Sarkin Dawaki. Sarautun nan asalinsu na fagen daga ne. Yaro ya ga abin, sunan ne kawai ba a haɗa masa da shi ba.

Bahadeje_Asali:
Tunda an ambaci garinmu dole in shigo. Malam Auyo, kai da kake a ƙasar Haɗeja kana da labarin yaƙi a ƙofar gida. A watan Afrilun 1906 Turawa suka kawo wa Haɗeja yaƙi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a cikin gari har ya faɗi tare da manyan fadawansa da 'ya'yansa. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Akwai gidaje da yawa da za su ce maka kakan kakansu a ranar ya kwanta dama. Ka sa kowane ɗalibi ya je ya tambayi dattijon gidansu abin da ya ji game da ranar, ya rubuto shafi biyu. Ka ga ka haɗa uku a wuri ɗaya: kalmomi, gajeren labari, da yaƙi.

Zee_Kaugama:
Yaya Bahaɗeje, ba a shekara ɗaya aka ci Haɗeja da Kano ba? Ni 1903 nake ji ana faɗa.

Bahadeje_Asali:
A'a ƙanwata, da tazara. Kano ce 1903, a farkon Fabrairu, bayan sun bi ta Bebeji, kuma Sarki Alu ba ya gari, yana hanyar Sakkwato. A shekarar ce Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Sarkin Musulmi Attahiru kuma a Burmi cikin Yuli. Haɗeja sai bayan shekara uku.

Dalibi_SS3:
Assalamu alaikum malamanmu, ku yi haƙuri in sa baki ko da yake ni ɗalibi ne. Gaskiya abin da ke hana mu karatu ba kalmomi kaɗai ba ne. A ajinmu littafi ɗaya ne, na malam. Shi yake karantawa, mu muna saurare, waɗanda ke baya ma ba sa ji sosai. In ka ji kalma ba ka gan ta a rubuce ba, ranar jarrabawa ba ka san yadda za ka rubuta ta ba. Kuma mu abin da ke ranmu WAEC da NECO. Duk littafin da ba ya cikin manhaja, ko ya kai zuma daɗi, yawancinmu za su ce ɓata lokaci ne. Ina roƙon malamai in za ku kawo wani labari na daban, ku nuna mana yadda zai taimake mu wajen fitar da jigo da salo da zubi da tsari, don su ake tambaya.

Malam_Auyo:
Ɗana, na gode, kuma ka faɗi gaskiya. Gajeren labari ma ya fi sauƙin koyon fitar da jigo, don komai yana gabanka a shafi uku. In ka iya a ƙarami za ka iya a babba.

Malam_Ingilishi_BKD:
Ni adabin Ingilishi nake koyarwa a wajen Birnin Kudu, matsalata ta ninka taku, don yarana suna fama da harshe da labari a lokaci guda. Amma ina so in amsa wa Malama Taura da Ɗan Takai, saboda ina ganin littafin yaƙi iri biyu ne kuma kowannenku ɗaya yake nufi.

Akwai wanda ke kambama jarumi, takobi na ta sara, jarumin ba ya ko ƙwarzane. Akwai kuma wanda ke nuna abin da yaƙi ke yi wa mutum. Misalin na biyu shi ne All Quiet on the Western Front na Erich Maria Remarque, Bajamushe, wanda ya fito a littafi a 1929, a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918. Abin da ya sa nake ganin ya kamata kowane malami ya san shi: samarin da ke cikin labarin 'yan aji ɗaya ne, kuma malaminsu ne ya yi ta zuga su da daɗin baki har suka shiga soja, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Nazi sun sa shi cikin littattafan da suka ƙona a 1933, don ba sa son matasa su ga yaƙi ta wannan fuska. Duk lokacin da na tuna malamin nan sai in ƙara kula da abin da nake faɗa a gaban allo.

A gajeren labari kuma ina amfani da Civil Peace na Chinua Achebe, cikin tarin da ya fitar a 1972. Ba a harba harsashi ko ɗaya a fagen daga a ciki. An gama Yaƙin Basasar Najeriya, wanda aka yi daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, wani magidanci ya tono kekensa da ya binne, ya fara neman abin da iyalinsa za su ci, ɓarayi suka zo da dare suka karɓe fam ashirin ɗin da aka ba shi, da safe ya ci gaba da nema. Yarana sun fahimci wannan sarai. Irin wannan, Malama, ina ganin ko yarinyar nan za ta iya zama a ji shi, don labarin tashi ne bayan faɗuwa.

Malama_Taura:
Malam na Birnin Kudu, wannan rabe-raben ya yi mini. Amma ko shi ɗin akwai ɓarayin dare suna buga ƙofa. Ni dai zan fara kiran ta gefe in gaya mata abin da ke ciki, ita ta zaɓa.

Jikan_Soja:
Ana ta maganar Jamus da Biyafara an manta da kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma cike suke da 'yan Arewa, Hausa ma ita ce harshen bariki. Kakana yana cikinsu, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai lambobinsa biyu a naɗe cikin tsumma da wani kofin silba duk ya lotse. Bai cika ba da labari ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke manne musu a ƙafa cikin daji. Bai taɓa ba mu labarin wanda ya harba ba, ko sau ɗaya.

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, ya rubuta Burma Boy a 2007, tauraronsa yaro ne mai suna Ali Banana da ya shiga soja da ƙarancin shekaru. Da za a samu mai fassara shi zuwa Hausa da an yi wa yaranmu gata.

AbbaG:
Wallahi wannan gaskiya ne. Ina masana fassara na jami'o'inmu?

Hajiya_Gwaram:
Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya ambaci 'yan mata ban da Malama Taura. Malam Auyo ya ce yaƙi ne ke riƙe hankalin yara maza. To rabin ajin fa? 'Yan matanmu sun fi maza karatu nesa ba kusa ba, ku duba wayoyin yayyensu ku ga littattafan da suke bi babi-babi a WhatsApp. Ba dogon labari ne ke ba su tsoro ba. Kuma tun 2016 BBC Hausa take gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata zalla, ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Rediyo kuwa babu gidan da babu. Malami zai iya cewa kowa ya saurara, gobe a zo a fitar da jigo. Wannan ya rage matsalar rashin littafi da ɗana Dalibi ya kawo.

Dalibi_SS3:
Hajiya, haka ne, amma dai a haɗa mana da rubutacce ko shafi ɗaya ne, saboda ƙa'idar rubutu.

Kawu_Sule:
Ni tambayata ƙamus. Makarantun nan suna da shi kuwa? Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zuwa Hausa. Na Bargery tun 1934 yake, cike da tsofaffin kalmomin da ake ta magana a kansu a nan. In kwamitin iyaye da malamai zai iya sayen kwanon rufi, zai iya sayen ƙamus guda a ajiye a ofis.

Jikan_Makera:
Kawu, ƙamus yana da kyau, amma zai ce maka kwari gidan kibiya ne, shi ke nan. Ba zai nuna maka yadda ake rataya shi ba.

Kawu_Sule:
Ɗana, maƙerin ma ba zai nuna masa inda ake sa ƙugiya a harafi ba. Kowanne da aikinsa.

Tsohon_Hedimasta:
Wani abu game da Ganɗoki da Ɗan Takai ya kawo, don kada a ba yara shi a matsayin tarihi tsantsa. Littafin ya fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Wato a ƙarƙashin mulkin waɗanda aka yaƙa aka rubuta shi, su kuma suka buga. Shi ya sa jarumin da ya fara da sarar Turawa ya dawo gida a ƙarshe yana ganin kyawun abubuwan da suka kawo. Wannan kansa darasi ne babba ga ɗan aji uku: wa ya rubuta, yaushe, wa ya biya kuɗin bugu? Ka ajiye shi kusa da abin da dattawan Haɗeja za su faɗa game da 1906, ka bar yara su gwada da kansu.

Dan_Takai:
Ranka ya daɗe, wannan ƙarin ya ƙarfafa ni ne ma a kan a karanta shi. Littafin da za a yi gardama a kansa a aji ya fi wanda kowa zai gyaɗa kai.

Malam_Auyo:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda na karkata zuwa yanzu. Zan fara da labarai daga Magana Jari Ce, kowane ɗalibi ya buɗe littafin kalmominsa, ya rubuta kalma tare da jimlar da ta fito ciki kamar yadda Baba Hedimasta ya ce. A tsakiyar zango zan tura su wurin dattawa da masu sana'a. Batun dogon littafin yaƙi kuwa har yanzu zuciyata biyu. Ina da yara uku da suka zo daga wuraren da ake fama, kuma maganar Malama Taura ba ta bar ni ba.

Malama_Taura:
Ka tambayi iyayensu mata, Malam. Su suka san abin da ke tashin yaran da dare.

Dan_Takai:
Ni dai ina nan kan bakata. A karanta, a ba wanda ba zai iya ba wani aikin na daban a ranar.

Hajiya_Gwaram:
Ware yaro daga aji ma wani ciwon ne, Ɗan Takai. Duk ajin za su san dalili.

Zee_Kaugama:
Don Allah wanda ke da Ganɗoki ya gaya mini inda zan samu a Haɗeja ko Gumel. Na duba wurin masu littattafai ranar kasuwa ban gani ba.

Kawu_Sule:
'Yata, sai dai ki ba mai shiga Kano sallahu, ya duba miki a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari. In an samu a sayo biyu, ɗaya a aika wa Malam Auyo, ni zan biya kuɗinsa.